Saje Glenda da Direban Motar Katako

Shekara goma sha tara Glenda Tackett ta yi tana ɗinka wandunan kaki a masana'anta, kafin a wayi gari an garƙame ƙofar wurin. A tsaunukan gabashin jihar Kentucky ta Amurka kuwa, in ba ramin kwal ba sai gidan yarin gunduma, don haka ta nemi aikin gandiroba. Mijinta Vernon ya yi dariya har da ƙwalla.

"Ke da kaza mai kwanci ke kora?"

Ta ce, "Na iya zama da kai shekara ashirin, wane ne kuma zai gagare ni?"

Sannu a hankali ta kai muƙamin saje, aka damƙa mata kujerar ɗaurewa, wadda kowa ke gudu. Kujera ce mai tayoyi, da maɗaurai a kafaɗu, ƙugu, hannuwa da ƙafafu, ta wanda ya haukace yana neman illata kansa ko wani. Glenda ba ta yarda a hori mutum da ita. In za a ɗaure, ita kaɗai ke magana da shi, kuma kowane maɗauri sai ta zura yatsu biyu a ƙarƙashinsa. Hannun tela ya san abin da ya matse.

Wata rana da tsakar zafin Agusta 'yan sanda suka kawo Orville Napier, ƙaton direban motar katako. An tare shi yana tangaɗi da mota a titi, ya kuma kai wa ɗan sanda naushi. Ana cire masa ankwa ya shiga gwara kansa da bango har goshi ya fashe. Gandirobobi huɗu suka taru kafin ya zauna a kujerar, yana gurnani yana harbi da ƙafa.

Kofur Dwayne Sizemore ya danne masa ƙeya yana haki. "Saje, wannan ya sha ya yi tatil!"

"Sakar masa wuya, Dwayne. In ka tanƙwara shi, da kunne zai yi numfashi?" Ta sunkuya daidai fuskarsa. "Mista Napier, sunana Glenda. Ba mai dukanka a nan. Hannun dama zan fara ɗaurewa."

Da ta zura yatsu a wuyan hannunsa sai ta ji fatar da sanyi, ga gumi sharkaf, ga makyarkyata. Ta matso ta shinshina, babu warin giya ko kaɗan. Nan take mahaifiyarta ta faɗo mata a rai. Shekara tara ta yi jinyarta da ciwon suga, kuma tsohuwar da ko ƙuda ba ta kashewa ta taɓa jifan ta da kasko ranar da sugan ya faɗi.

"A kira mini nas Opal, ta zo da abin gwajin suga. Da gudu!"

Opal ta soki yatsansa, ta dubi na'urar, ta zaro ido, don sugansa ya faɗi ƙasa sosai. Ta shafa masa ruwan suga mai kauri a cikin kunci, ta sa aka kira motar asibiti. Glenda ba ta gusa ba, tana share masa jinin goshi tana kiran sunansa. Bayan kamar minti goma sha biyar idanunsa suka dawo daidai.

"Baiwar Allah, ina ne nan? Wa ya ɗaure ni?"

Da ta gaya masa abin da ya yi, ƙaton nan ya fashe da kuka. "Ni? Ko a makaranta ban taɓa faɗa ba."

"Na yarda. Bari in kwance ka, hannu ɗaya-ɗaya. Kada ka miƙe da sauri."

Dwayne ya sosa ƙeya. "Da ni ne, Saje, da na bar shi ya huce da kansa."

"Da ka bar shi, da gawa za ka kwance. Je ka kawo masa ruwa."

Da alƙali ya ga takardar likita sai ya sallami Orville, ɗan sandan ma ya ce ya yafe. Tun daga ranar shugaban gidan yarin ya kafa doka cewa duk wanda ya hau kujerar sai an gwada masa suga. Orville ya koma tuƙi bayan wata uku, da alewa cike da aljihu. Glenda kuwa saura shekara biyu ta yi ritaya, kuma Dwayne take koya wa aikin kujerar. Ta ce kansa da tauri, amma yana ɗauka.