Kunyar 'Yar Fari Ce Ta Tsayar Da Ni A Ƙofar Ɗakin Hoto

A wancan lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bakori, da aurena da 'ya'yana, ina ganin idona a buɗe yake. Amma a gaban Inna ni 'yar fari ce kawai. A hannun gwaggona na tashi, kuma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce waccan. Ni ma na iya tawa kunyar, har alfahari nake da ita.

Ƙanwata ce ta tsegunta mini cewa Inna na da ƙulli a nono. Ita ƙanwar tawa tana jego, sai ni na kai Inna asibiti a Funtua, ana tsakiyar karyar masara. Da aka kira ta ɗakin hoto, nas ta tambaya ko akwai mai shiga da ita. Inna ta kawar da kai, ni kuma na gyara zama a benci. Ina ni ina tsayawa ana buɗe ƙirjin uwata? Da ta fito ta ce, tana kallon bango, an ce ba komai. Na yi hamdala, na saya mata lemo, muka hau mota. Ko da wasa ban leƙa na tambayi likita ba.

Kafin wata kakar ta zagayo wurin ya fashe, Inna ta daina ɗaga hannu. Muka koma, wannan karon na shiga. Likitar ta juyo mini da fuskar kwamfuta, ta nuna mini hoton bara. Ta ce kwamfutar tana duba siffar ƙullin da na'ura ta hasko: mai santsi kamar ƙwai yawanci ba shi da illa, na Inna kuwa ya yi rassa kamar citta, shi ya sa ta zagaye shi da ja. Ta ce kwamfuta ba ta yanke hukunci, sai an ɗebi ɗan nama da allura an gwada, kuma ta gaya wa Inna hakan tun ranar. Har ta nemi a kira wanda ya rako ta, Inna ta ce ita kaɗai ta zo. Ni kuwa a ranar ina nan zaune bayan ƙofar, ina jiyo muryoyinsu sama-sama.

Daga baya Inna ta gaya wa ƙanwata cewa ta ji ciwon daji ba ya son ƙarfe, kuma ta san in na ji zan matsa a yi allurar. Wallahi da na matsa. Gwajin da aka yi a makare ya tabbatar dajin ne, ya riga ya bazu.

Ni na yi jinyarta. Nonon da na ji nauyin kallo yana da lafiyar fata, shi na riƙa wankewa yana ciwo, ina haɗiye kuka. Ana gobe za ta rasu ta kira ni da sunana, karo na farko kuma na ƙarshe, don in gyara mata matashi.

Kunya ado ce, ban musa ba, amma a asibiti ba ta da gurbi. 'Yan'uwana mata, in kun raka iyayenku ku shiga, ku ji da kunnenku, in an ce a ƙara gwaji ku tsaya a yi. Kwamfutar ta ga abin tun da sauran dama, ni ce ba na cikin ɗakin.