Ranar da Muka Je Hannu Rabbana

Ko da tsufa ya kwashe min komai, ranar da aka ɗaure mahaifina a ƙofar dagaci ba za ta bar raina ba. Farkon mulkin kai ne. An canza tuta, amma a ƙauyenmu da ke tsakanin Gwaram da Basirka talaka bai gani a ƙasa ba. Da damina sai ka nome gandun dagaci kafin ka taɓa taka gonar. A shekarar ciyawa ta kusa cinye mana gero, Baba ya ce shi kam ba ya zuwa. Da hantsi aka ɗaure shi a jikin durumi kamar akuyar da ta yi ɓarna.

Lokacin ina da aure har da ɗa, ga ni da zuciyar tsiya. Mu masu shanu ne, sanda ba ta sauka daga kafaɗarmu. Muka taru, kowa da tasa, muka nufi gidan dagaci. A bakin gari wani tela ya tare mu, ɗan siririn mutum mai ɗinki a kasuwar Gwaram, wanda ya sha ɗauri a Birnin Kudu saboda siyasar talakawa.

Ya ce, “Ina za ku da itace haka, girki za ku yi? Duk mai son tsohon nan ya kwana a gidansa, ya ajiye sandarsa a nan.”

Na ce, “Haba Malam! A ɗaure ubana, in je hannu rabbana?”

Ya ce, “Ai sandar suke jira. Ka ɗaga ta sau ɗaya, gobe a ce tawaye ne, a kwashe ku har da shi.”

Wallahi da na ajiye ta, ji na yi kamar an tuɓe min riga a kasuwa. Muka isa, muka cire takalma, muka durƙusa muka yi gaisuwa yadda aka saba. Dagaci ya amsa, ya ce ya sallame mu. Tela ya ce, “Ranka ya daɗe, saura mutum ɗaya.” Ba wanda ya motsa. Ashe dabarar ke nan: basarake ba ya shigewa gida ya bar masu gaisuwa a durƙushe.

Rana ta yi ta dukanmu. Gwiwoyi suka sage, maƙoshi ya bushe. Muka yi azahar a wurin, muka koma muka durƙusa. Ina kallon Baba, kansa ya langaɓe, ƙuda na bin fuskarsa. Can wani yaron dagaci ya ƙufula, ya ɗauke tela da mari har jini ya biyo kunnensa. Na zabura, hannuna ya kai kafaɗa, ba komai a wurin. Tela ya riƙe min gefen riga ya ce, “Zauna. Kunnena ne, ba naka ba.”

Masu wucewa suka fara tsayawa, mata na leƙe ta kan danga. Da la'asar dagaci ya ja tsaki ya ce a kwance tsohon, ya gaji da ganinmu. Ni na goyo Baba har gida. Daga wannan daminar ba a sake tilasta wa kowa aikin gandu ba a garinmu.

Tela bai ƙara ji da kunnen nan ba. Ya rasu a shekarun arzikin mai, a ɗakin haya. Waɗanda suka ci zaɓe da sunansa suka zo ta'aziyya a motoci, ba su ko zauna ba. Na gaji da ba yaran yanzu labarinsa, sai su ce ai tsoro ne. Ni da na durƙusa a wurin na sani: rama duka kowa ya iya, amma wanda ya kwance igiyar ubana shi ne mutumin da aka mara bai rama ba.