Turmin Baba

Likitar haƙorin da ke saman shagon tela ba ta son cire haƙori, kowa a layin ya sani. In turmin haƙori ya yi kogo, sai ta kankare ruɓar, ta busar da ramin, ta riƙa ɗora farin ciko kaɗan-kaɗan, tana haska masa shuɗiyar fitila ya daskare kafin ta ƙara. Ta daɗe a wannan ɗaki, kuma wallahi aikin na mata daɗi. Abokin gabarta ɗaya ne, yawu. Ɗigo ya shiga ramin, ciko ba zai kama ba.

To, ran nan sai ga mahaifinta, tsohon direba, mutumin da ko cikin barci surutu yake. Turame biyu kaɗai suka rage masa masu haɗuwa, na ƙasan kuma ya ruɓe.

"Uwata, fizge shi mu huta."

"Baba, in na cire, da me za ka tauna nama?"

Ya kwanta, ya buɗe baki. Ta gyara ramin tsaf, ta jera auduga, ta ɗora cikon farko. Nan fa Baba ya tuna ranar da burkinsa ya tsinke a gangare. Harshe ya motsa, yawu ya malale wurin. Kash! Dole ta sake kankarewa, bangon haƙorin ya ƙara sirancewa.

"Don Allah, Baba. In ka sake, babu abin da zai riƙe cikon."

Ta ga maƙogwaronsa na motsi, labarin na cin sa. Sai ta karɓi labarin daga bakinsa. Hannu na aiki, baki na zuba: gangaren, fasinjar da ta ƙanƙame kazarta, tulin yashin da ya tare motar. Tun tana rarrafe take jin labarin, ko tarin da yake yi a tsakiya ba ta tsallake ba. Baba ya yi lamo yana kallon ta, idonsa ya kawo ruwa.

Ta goge cikon ya yi sumul, ta zare audugar.

"Agwagwa ce, ba kaza ba," in ji shi.

Da rana a gida, Mama ta tsinto masa tsoka mai laushi kamar kullum. Ya ture hannunta a hankali.

"Ba wa yara wannan. Miƙo min mai jijiyar."