Ranar da Na Tura Ƙwallon Ɗana da Ƙafa

Ko na manta komai a rayuwata, ranar da na je Kaduna kallon wasan ɗana ba za ta fita raina ba. Har yau idan na tuna ta, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ni manomi ne a Tsiga, masara da auduga na sani. Ɗana na biyu kuwa a Kaduna ya tashi, wurin ƙanina da ke aikin yankan ciyawa a filin wasan golf. Da ɗaukar wa manya jakar sanduna ya fara, a nan ya koyi bugu, har ya zo yana cin gasar yara. Idan ya zo hutu bayan girbi, sai ya haƙa ɗan rami a ƙarshen gonata ya wuni yana auna shi da ƙwallo. Mutanen gari su yi ta dariya. Ni ma ina cikinsu.

Yana da shekara ashirin aka kira shi gwajin shiga sahun ƙwararru, masu cin abinci da wasan. Ya aiko lallai in zo ranar ƙarshe. Na sa babbar riga, na hau mota a Funtua. Da na isa, ƙanina ya yi mini bayani cewa wanda ya jefa ƙwallo rami da bugu mafi ƙaranci shi ne gwani.

Saura rami uku cikin goma sha takwas a gama, bugun ɗana ya karkace. Ƙwallon ya zo ya nutse cikin doguwar ciyawa a gindin wata darbejiya, daidai inda nake tsaye ni kaɗai. Na duba hagu, na duba dama. Sai na sa ƙafa a ƙarƙashin riga na turo shi fili. A raina, ai uba ne ya taimaki ɗansa.

Ɗana ya iso tare da alƙalin wasa, 'yan kallo na biye. Ya dubi ƙwallon, ya dubi ciyawar da na take, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Baba, nan ya tsaya?"

Na ce, "Nan na gan shi."

Ya sassauta murya. "Don Allah, Baba. Na ga lokacin da ya shiga ciyawa."

Na sunkuyar da kai. Ya juya ya gaya wa alƙali an taɓa masa ƙwallo. Alƙalin ya ce tunda ba shi ya taɓa ba, ba za a hukunta shi ba, amma dole a mayar da shi inda yake. "Alhaji, nuna mana wurin."

Da furfurata na durƙusa gaban jama'a, na buɗe ciyawa na nuna da yatsa. Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi.

Sai da ya yi bugu biyu kafin ya fito daga wurin. Da aka tashi, bugu ɗaya tak ya hana shi shiga.

Washegari shi ya riƙo mini jaka zuwa tasha. Saboda borin kunya na ce, "Da ka yi shiru, wa zai sani?"

Ya ce, "Ni zan sani, Baba. Kullum na ɗauki sanda zan tuna."

Tun daga ranar bai taɓa tayar mini da zancen ba. Shekarar da ta biyo ya koma ya ci gwajin. Ya sake kirana, na kasa zuwa. Ina tsakiyar gona ƙanina ya bugo waya da albishir, na zauna a kan kunya na yi kuka.

Yanzu shi ake gayyata garuruwa, har ƙasashen waje. Ni kuwa abin da na koya shi ne, taimakon da sai ka duba hagu da dama kafin ka yi shi, cuta ce. Ina ganin ni zan koya wa ɗana gaskiya, ashe shi zai koya mini, kuma da ladabi.