Ranar da Janwe Ta Zama Ƙafa

Ina da shekara tara Hajiya Kaka ta zo Landan. Mahaifiyar Baba ce, sunanta aka sa mini, shi ya sa kowa a gida ke kirana Ummi, ita kuma ta ce mini Takwara. An kawo ta daga Katsina ne don aikin ido, yanar ido ce ta rufe mata idanun duka biyu, sai asibiti ya sa ta a layin jira. A unguwar Lewisham muke zaune, a wani flat na gidan bene, hawa na uku. Akwai murhun gas a jikin bangon falonmu, nan ta kafa kujerarta tun ranar farko. Lokacin sanyi ne, magariba na yi tun ƙarfe huɗu. Tana idar da salla za ta miƙa tafin ƙafarta wajen wuta ta kira ni tatsuniya.

Ina jin duk abin da take faɗa, amma da Turanci nake amsa mata. Da farko dariya take yi. Daga baya ta daina.

Sai aka fara nuna wani katun na Japan a talabijin da ƙarfe biyar, na mutum-mutumin ƙarfe masu komawa motoci, suna yaƙi da wani azzalumi mai son rusa garinsu. Na kamu. Kaka za ta fara labarin kura, ni idona na kan allo. Wata rana ta tsaya a tsakiyar magana ban ma lura ba.

A makon nan na ji ta da Baba a kicin.

"Ka mayar da ni gida," in ji ta. "Ba gani nake ba, ba wanda nake hira da shi. Zaman me nake yi?"

"Hajiya, saura wata biyu fa. In kika tafi cancel za su yi, sai an sake layi."

"To su yi. Na gaji."

Ban san abin da zan yi ba.

Washegari aka sa shirin, ana ta rugugi da harbe-harbe. Sai Kaka ta juyo da kunnenta ta ce, "Takwara, wai me ake ta fasawa a akwatin nan?" Na ba ta amsa da Turanci. Ta ce ba ta ji ba. Na maimaita, ta ce har yanzu ba ta ji ba. Sai na gwada da Hausa na ce, "Suna faɗa. Mota ya yi transform."

"Mota mace ce. Ta yi me?"

"Ta zama mutum. Mutum na ƙarfe."

"Ta rikiɗa kenan. Ce rikiɗa." Na faɗa, harshena na harɗewa. Ta ja kujerarta kusa da ni. "To ci gaba. Ke ce idona yau."

Jaruman su biyar ne, in yaƙi ya yi zafi sai su haɗe su zama ƙato guda: wannan kai da ƙirji, waɗannan hannuwa, waɗancan ƙafafu. Akwai ta shida, tsohuwar mota mai ƙugiya da ke jan waɗanda suka lalace, kullum a gareji ake barinta. Na rasa sunanta da Hausa, na yi ta kwatance, Kaka ta ce, "Janwe!" A ranar, azzalumin ya tare su a kan wata doguwar gada, ga jirgin ƙasa cike da mutane ya maƙale a tsakiya. Ya sari ƙafar ƙaton ta hagu ta guntule. Ƙato ya durƙusa, ya tallafe gadar da hannu biyu, ba halin ya saki, ba halin ya rama.

"Innalillahi! Da yara a jirgin?"

"Da yawa, Kaka."

"Ina janwen? Tana zaune tana kallo?"

Ba ta rufe baki ba janwe ta fasa ƙofar gareji. Tana tafe tana hayaƙi, taya ɗaya na rawa, matasan jaruman na yi mata ihu ta koma. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Hausa na fita daga bakina, daidai da ba daidai ba, Kaka na jefo mini kalma duk inda na cije. Janwe ta iso, ta rikiɗa, ta manne a gurbin ƙafar da aka sare. Ƙato ya miƙe da ɗingishi. Ta wurga ƙugiyarta ta kamo wuyan azzalumin, ta fizgo shi, ya faɗa teku. Jirgi ya haye.

Kaka ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban taɓa ji ba sai a kaset ɗin biki. Maƙwabcinmu na ƙasa ya buga silin. Daidai nan Baba ya shigo daga aiki, ya tarar da ni ina haki ina cewa, "Ta kayar da shi! Tsohuwa ta kayar da shi!" Ya tsaya da jaka a hannu yana kallona, don bai taɓa jin na haɗa jimla uku a jere da Hausa ba.

Kashegari bayan magariba ta ce in kashe akwatin. Ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, yau da ƙafar ƙarfe ta zo." Ta mayar mini da labarin kaf, amma ya zama nata. Garin ya samu ganuwa da kasuwa, janwe ta samu jikoki marasa kunya, har waƙa ta yi mata wadda take rerawa a hanyar gada. Ni ke yin amshi. Daga ranar muka raba aiki: ƙarfe biyar ni ke ba da labari, ƙarfe shida ita.

Ba ta ƙara tayar da maganar tafiya ba. Da Baba ya tambaye ta, cewa ta yi, "Ina zan je ban ga janwen nan da idona ba?" Aka yi aikin, ya yi kyau. Ranar da aka sake nuna kashin shirin na janwe ta sa sabon tabarau ta ƙura ido, can ta ce, "Ashe 'yar mitsitsiya ce haka? Ta bakinki ta fi girma."

Na daɗe ina ɗauka darasin kan tsofaffi ne, kada a raina su. Yanzu aikin tafinta nake yi a asibiti, ina tsayawa tsakanin likita da dattawan da ba su jin Turanci, kuma nan na gane ɗaya ɓangaren. Kaka na iya yi mini faɗa kan katun, ko ta sa Baba ya hana ni. Ba ta yi ba. Ta shigo cikin abin da nake so, ta nuna tana bukatata, ni kuma na buɗe baki. Duk sanda na ga wata dattijuwa ta yi shiru gaban likita, fuskarta a ɗaure, ba na fara mata da batun ciwo. Sai in tambaye ta wani abu da ita kaɗai ta sani, in jira. Ba a cika minti biyu ba ta fara magana.