Kifin Da Kaka Ya Ƙi Mayarwa

Jiya maƙwabciyata ta jiƙa wa kajinta dusa, ta manta da ita a rana. Da tsamin ya biyo iska ya shigo mini ɗaki, sai da na ajiye cokali. Kada ka ce raki ne da ni. Warin nan ne ya mayar da ni bakin wani tafki a kan tsauni, ina 'yar shekara goma, ina toshe hanci da gefen hijabi.

Lokacin muna zaune a Setapak, wata unguwa a ƙasar 'yan Malay, hawa na goma sha ɗaya, Baba yana karatun digirinsa na uku. Hausata ta fara tsinkewa, a yi mini magana da ita in amsa da Turanci ko Malay. A shekarar ne aka kawo Kaka, mahaifin Baba, don a cire masa yanar ido. Masunci ne ɗan masunta, a bakin kogi ya yi furfura. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce na fasa, ba na son miji mai ƙarnin kifi.

Aiki ya yi kyau, ido ya buɗe, amma ci ya gagara. Mama ta sayo kifi a babban kanti, Kaka ya leƙa ledar ya ce wannan gawa ce da aka ajiye a ƙanƙara, ba wanda ya san ranar mutuwarta. Baba ya yi masa tapau, wato ƙunshin dafaffiyar shinkafa, daga shagon abinci da ake kira mamak, ya shinshina ya ture. Daga shayi sai shayi. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, likita kuma ya ce in bai ci abinci ya yi ƙwari ba, ba zai bar shi ya hau jirgin komawa gida ba. Kaka kuwa gida kawai yake so.

Sai wani abokin Baba ya ba shi labarin tafki a kan tsauni, mai ruwan sanyi, inda ake kama wani kifi mai ɗige-ɗige da aka ce daga ƙasashen sanyi aka kawo irinsa. Baba ya aro mota. Mama ta loda tukunya, da ƙaramin risho, da attarugu, da ragowar daddawar da take ɓoyo kamar zinariya. Hanyar duk kwana ce, sau biyu na yi amai a leda, Kaka yana tsokanata wai amaryar birni ba ta da ciki.

A ƙofar shiga akwai allo da rubutun Malay. Ni kaɗai na tsaya na karanta: duk kifin da aka kama, a mayar da shi ruwa da ransa. Na waiga na ga Mama rungume da tukunya, Kaka yana tafe da saurin da ban taɓa gani a ƙafarsa ba, sai na ja bakina na yi shiru. A raina na ce tsohon da aka yi wa aikin ido ai ba abin da zai kama.

Wurin yana da kyau, ban musa ba, ga hazo kwance a kan ruwa, ga sanyi. Amma abin da aka ba mu mu sa a ƙugiya, wani curin dusa ne mai tsami da aka kwaɓa da ruɓaɓɓen jatan lande, ƙudaje na binsa. Kaka ya ce ko karen gidansu ba zai ba wa wannan ba. Ya tsuguna ya tona gindin ciyawa da yatsa, ya zaro tana, ya soke ta tana mutsu-mutsu. Na kau da kai, ina jin kunyar mutanen da ke gefenmu da hulunansu da kyamarori.

Ba a daɗe ba fatsarsa ta lanƙwashe. Ya ja, ya saki, ya sake ja, bakinsa yana motsi, har kifin ya fito, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Mama ta fara kunna risho. Sai ga mai gadin wurin da gudu yana ɗaga hannu: “Tak boleh, tak boleh lah!” Wato ba a yarda ba. Ya ce a ɗauki hoto, a mayar.

Baba yana can wajen mota, don haka ni na fassara, da guntuwar Hausata. Kaka ya zare ƙugiyar. Ya buɗe bakin kifin da babban yatsa, ya kawo shi kusa da sabon idonsa, sannan ya nuna mini. Leɓen ƙasa a yage yake, ya warke a karkace. Huda a kan huda, wasu sun yi fari, wata tana ruwa. Ido ɗaya ya mutu.

“Amarya, tambaye shi sau nawa aka kama wannan.”

Mai gadin ya yi dariya, ya ce ai wannan sananne ne, kusan kowane mako sai ya fito a hoto. Da na faɗa wa Kaka, sai na ga fuskarsa ta yi irin yadda tawa ta yi a mota.

“A garinmu ƙarami muke mayarwa don ya girma. Babba kuwa, in ka huda shi, to ka ci shi. Wannan wasa da rai ne.”

Ya ɗauki dutse ya buga wa kifin a ka, sau ɗaya. Mai gadin ya yi ta faɗa, mutane suka taru, wata mata ta rufe wa ɗanta ido. Baba ya iso yana ba da haƙuri, shi da mai gadin suka shiga wani ɗan ofis suka daɗe. Ya fito fuska ba walwala, kifin a leda, aka raka mu har ƙofa. Na so ƙasa ta tsage in shige, kuma a lokacin Kaka nake jin haushi.

A wata rumfa a gefen hanya Mama ta yi farfesun. Duk daddawar nan ba ta kashe warin dusar da ya kama naman ba. Loma ɗaya na yi na tofar. Kaka ma ya yatsina fuska, ya ce bai taɓa cin kifi marar daɗi irinsa ba, amma shi ya kashe, dole ya ci. Ya cinye tas, ya tsotse ƙaya, ya shanye romo. Mama ta juya baya tana goge ido da mayafi. Daga ranar ya koma cin abinci, bayan mako uku ya hau jirgi.

Kaka ya rasu, kogin nasu ma an ce yanzu rabinsa yashi ne. Ban taɓa gaya masa na karanta allon nan ba. Amma har yau, in na ga hoton wani a waya yana washe baki da ƙaton kifi a hannu, ba fuskar mutumin nake dubawa ba. Sai na buɗa hoton da yatsu biyu, in duba bakin kifin.