Waƙar da Kawu Dogo ya yi wa jandarmomi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Kawu Laminu, ƙanen mahaifiyata, wanda duk unguwar Glass ke kira Dogo. Allah ya jiƙansa. In zai shigo gida sai ya rusuna, har Kaka takan ce ƙofa kaɗai yake girmamawa a duniya. Ni kuwa na rantse ruwan sama kan gama jiƙa shi kafin ya iso kanmu.

A nan Libreville aka haife shi. Ya buga ƙwallon kwando har gwiwarsa ta ce ta gaji, sai ya koma wasan kwaikwayo a talabijin, ya haɗa da waƙa. Kaka ba ta taɓa yarda ɗaya cikinsu sana'a ce ba. "Ƙato da kai," in ji ta, "kana jifan kwandon da ba shi da gindi."

Da aka karya darajar sefa, shinkafa ta koma abin kallo a kanti. Ba a jima ba aka shiga kamen baƙi marasa takardar zama. Gidan hayarmu cike yake da 'yan Maraɗi irin su Malam Idi, kuma Kaka, in ban da takardar da take naɗe ƙosai, ba ta da wata.

Wata safiya motar jandarma ta tsaya a bakin gida. Kawu ya fita ya cika ƙofar. Babbansu ya ɗaga kai, ya ƙara ɗagawa, har hularsa ta faɗi.

"Kai ne na talabijin!" ya ce da Faransanci. "Matata ta hana mu sakat da kai. Yi mana waƙa ɗaya."

Kawu ya dafa ƙirji, ya lumshe ido, ya ja murya da Hausa: "Inna, bi ta baya, bi ta baya, katanga gajera ce. Malam Idi, bar butar nan, za a kawo maka."

Jandarmomi suna ta tafi. Da a ce ɗaya cikinsu na jin Hausa, da Kawu ne zai fara hawa motar, kuma ya san haka. Bai sauke murya ba sai da ya jiyo kajin maƙwabta sun tarwatse, alamar Kaka ta sauka lafiya. Da jandarmomin suka shiga, mu yara kawai suka tarar, da tukwane bisa wuta.

Daga baya ya sa waƙar a kaset. Yau har a bukukuwan unguwar Batterie IV ana kaɗa ta, wai waƙar soyayya ce. Da idona na ga amarya tana kuka daidai wajen butar Malam Idi. Da Kawu na nan, ban san ko dariya zai yi ba, ko ya miƙa mata hankici ya ƙara baiti.

Kofunansa na ƙwallo sun yi tsatsa. Ƙannena ba su san fuskarsa ba. Amma mutanen da ya fitar ta baya suna nan, sun yi 'ya'ya, biyu ma sunansu Laminu.

In aka sa waƙar a rediyo, Kaka takan ajiye ludayi ta saurara har ƙarshe. Sannan ta goge ido da bakin gyale ta ce, "Maƙaryacin yaro. Katangar nan ba gajera ba ce."